Firjin Masaƙa

Da safe manajan masaƙa ya kai rahoto caji ofis: an fasa ɗakin magani, an kwashe allurar rigakafin ma'aikata kaf.

Sufeto ya same shi a bakin ɗakin, yana ta faɗa. Manajan ya ce dokarsa a fili take, wanda bai yi allura ba ya ajiye aiki, kuma mutum ɗaya ne ya ƙi, Baba maigadi.

"Shi ne ɓarawon, ranka ya daɗe. Tun da 'yarsa ta mutu yake zagin allurar nan."

Aka kawo Baba maigadi. Bai musa zagin ba. Ya ce 'yarsa a sashen zare take aiki, tsoron kora ya sa ta miƙa hannu, bayan wata biyu cutar da ake gudu ta kama ta, ta tafi ta bar masa jikoki.

"Ka ɗauka?"

"Yallaɓai, abin da ban yarda ya shiga jikina ba, me zan yi da shi a gida?"

Sufeto ya duba ƙofar. An karya kwaɗon, amma ko ƙwarzane babu a jikin katakon. Ya buɗe firjin da ake ajiye allurar. Yana aiki, da sanyinsa, sai dai bangon ciki duk baƙin fumfuna ne, ga wari.

Ya kira nas ɗin masaƙar. Ta ce firjin bai taɓa mutuwa ba. Sufeto ya shafo fumfunar da yatsa ya nuna mata.

"Malama, wannan a sanyi ya tsiro?"

Ta fashe da kuka. Ta ce manaja ne ya hana a bar janareta a kunne idan an tashi aiki, wai mai ya yi tsada. Ta faɗa masa allurar ta lalace, ya ce ta ci gaba da yi ko ita ma ta bi layin korarru. Jiya kuma suka ji jami'an lafiya za su zo dubawa.

A but ɗin motar manaja aka sami kwalaben allurar, cikin buhun zare.

Da farko manaja ya ce sharri ne. Da Sufeto ya zazzage buhun a kan teburinsa, ya sunkuyar da kai.

"Ni aka ce in tabbatar kowa ya yi. Kowa kuma ya yi, ban da maigadi."

Aka saka masa ankwa.

Baba maigadi ya tare Sufeto a tsakar masaƙa, hula a hannu.

"Yallaɓai, da mai kyau aka yi mata, da tana nan?"

Sufeto ya ce shi ba likita ba ne. Bai iya kallon tsohon ba.

Motar 'yan sanda ta tsaya a bakin get da manaja a baya, direba ya danna hon. Baba maigadi ya mayar da hularsa, ya je ya buɗe musu.