Sarƙar Iya Ramota

"Kowa ya kwanta! Kwanta, na ce!"

Ba wadda ta kwanta. Mata ɗari biyu ne cikin ankon leshi ruwan goro, kowace da goggoro kamar rufin rumfa, ƙasa kuwa duk miyar ewedu ce da ledar ruwa. Wata tsohuwa ta dubi ƙasan, ta dubi leshinta, ta dubi bindigar.

"Ɗana, gara ka harba."

"To, kowa ya zauna!" in ji Oga Morufu.

Da ma a zaune suke.

Ƙarfe uku na ranar Asabar ne a Ibadan, wajen shagalin binne mahaifiyar Alhaja Sidikatu mai siminti. Su uku suka shigo. Oga Morufu shi ne shugaba. Sikiru Dogo na bakin ƙofa da adda. Sai Lamidi, direban tasi ɗan shekara hamsin da biyu, wanda gwiwa ta hana shi gudu, tumbi ya hana shi tsalle, don haka aka ba shi riƙon buhu da wata bindiga da rabonta da harsashi tun mulkin soja. Kansa na cikin safar ƙwallo da aka huda wa ido biyu. Ba a wanke ta ba.

Shirin minti biyar ne. Jiya a gareji Morufu ya biya musu karatu. Sarƙa mai kauri, igiyar bijimi. Wadda aka rataya wa ƙaton abu a ƙirji, kwaɗo. Matar da ta cika wuya da hannu da yatsu, ta yi lodi. Wadda ke ƙyalli tun daga nesa, ta kunna wuta. Zinaren gaske iri uku ne: Dubai, Makka, Italiya. Na bogi sunansa ɗaya, panda.

Abin da bai faɗa musu ba shi ne abin da ke aljihunsa. Morufu ya yi shekara tara yana koyon ƙirar zinare, aka kore shi saura wata biyu a yaye shi, kuma har yau bai warke ba. A aikinsu na baya sun kwaso buhu guda, mai saye ya zazzage, ya yi dariya har da tari. Panda ce duka. Ranar Morufu ya rantse panda ba za ta ƙara shiga buhunsa ba.

Ya ture kwanukan amala daga kan tebur. Ya ajiye baƙin dutsen gwaji da 'yar kwalbar ruwan asid. Ya ɗora tabarau a kan safar fuskarsa.

"A yi layi! Mai gida ta fara!"

"Oga, me kake yi?" Lamidi ya raɗa masa.

"Aiki. Riƙe buhu."

Alhaja Sidikatu ta taso. Ta yi lodi har wuyanta ba ya juyawa. Ta ciro igiyar bijimi tana kuka mai sauti, don na baya su ji girman asarar. Morufu ya goga a dutse. Ya ɗiga ruwa. Kumfa ta tashi, koriya shar.

"Panda!"

Wuri ya yi tsit. Mai kalangu, da hannunsa ya saba maimaita duk abin da babba ya faɗa, ya buga sau biyu kafin ya tuna inda yake.

"Ɗan fashi, ka ji tsoron Allah! Da hannuna na sayo ta a Dubai!"

"Dubai ta bayan tashar mota, Alhaja?"

Ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Ɗana, saka a buhu kawai. Wa zai sani?"

"Ni zan sani." Ya miƙa mata abarta. "Na gaba!"

Panda. Panda. Kwaɗon matar ciyaman, panda. Sai a ta goma sha ɗaya wani siririn zobe ya ci gwaji. "Makka!" Morufu ya jefa shi a buhu. Mai zoben ta ɗaga hannu sama, ta taka rawa, kalangu ya bi ta da kirari, ƙawayenta suka taso suna mata liƙi a goshi. Nan fa kowa ta gane yadda abin yake. Layi ya rikice. Masu shakkar kayansu suna ja da baya a hankali, masu yarda da mazajensu suna turereniya.

"Ni na riga ki!"

"Ɗan fashi, duba nawa!"

A caji ofis kuwa Sajan Adeoti na sakace haƙori waya ta yi ƙara.

"Fashi? Me suka ɗauka?"

"Ba sa ɗauka, ranka ya daɗe. Shi ne tashin hankalin."

"To me zan zo in yi?"

"An yanka shanu uku."

Sajan ya miƙe. "Kofur! Ku turo motar!"

A daidai lokacin Lamidi ya hango ta. Ta shida a layi, hannu a ƙugu. Silifa. Iya Ramota. Matarsa. Da safe ta ce masa suna za ta je a Oje, ya manta cewa Asabar ɗinta biki uku take ci. A wuyanta ga siririyar sarƙar nan.

Gumi ya cika safa. Shekara goma sha tara ke nan da ya sayi sarƙar a hannun mai talla cikin cunkoson motoci, ya naɗe ta a auduga, ya durƙusa ya ce mata Italiya ce, karat goma sha takwas. Tun daga ranar bai ƙara yin abin kirki a gidan ba, bai kuma buƙata ba. Duk faɗan da ya tashi, da ita yake kashe shi: "Wa ya sa miki Italiya a wuya?" Sai ta yi shiru. Yanzu ga Morufu, ga dutse, ga mata ɗari biyu, ga kalangu.

"Oga," ya raɗa. "Waccan mai siririyar. Karɓa kawai, kar ka gwada."

"Me ya sa?"

"Daga gani Italiya ce."

"Daga gani? Shekara nawa ka yi a maƙera? Panda! Na gaba!"

Saura huɗu.

"Oga, minti arba'in!" Sikiru ya ƙwala daga ƙofa.

"Kar a gaggauta ni!"

Saura uku. Lamidi ya ɗingisa ya bi layi, ya maƙale murya kamar ta ɗan akuya.

"Ke, Mama. Koma ki zauna. An yafe miki."

Silifa ta dube shi sama da ƙasa. "A yafe wa uwarka. Layi na bi."

"Bindiga ce fa wannan."

"To matsar da ita, tana taɓa min leshi."

Saura ɗaya. Saura babu. Ta kai hannu ƙeya, ta ɓalle maƙalli, ta ajiye sarƙar a tafin Morufu, ta juya ta kalli Alhaja Sidikatu ido cikin ido. Morufu ya gyara tabarau. Ya kai sarƙar bakin dutse—

Gwaf!

Gindin bindiga a ƙeyar Oga! Tebur ya kife! Kwalba ta fashe! Lamidi ya wawuri dutsen, ya wurga shi cikin tukunyar gbegiri, miyar wake, tsulum!

"Maci amana!" Morufu ya kama shi a wuya. Suka faɗi cikin ewedu, suka zame, suka tashi, suka sake zamewa.

"Ba harsashi a ciki!" wata ta yi ihu.

Shi ke nan. Takalma masu tsini! Jakunkuna! Mafitai! Ludayin miya! Duk wadda aka ce wa panda ta zo karɓar hakkinta. Alhaja Sidikatu ba ta daki kowa ba, zama kawai ta yi a kan Morufu. Sikiru ya yar da adda ya fita a guje, ya faɗa jikin 'yan sanda huɗu da suka turo mota tun daga caji ofis, suna neman wanda za su huce a kansa.

Wata ta fizge safar kan Lamidi.

"Baba Ramota!"

Kalangu ya maimaita.

Morufu ya samu shekara bakwai, ya bar haƙori biyu a wajen bikin. Sikiru biyar. Lamidi huɗu, don alƙali ya kasa gane ɓangaren da yake. Aka mayar wa mai zobe zobenta, ta karɓa ranta a ɓace.

Wata guda bayan haka Silifa ta zo gidan yari da kwanon amala. Sarƙar na wuyanta. Lamidi ya dube ta, ya ji wani sanyi a ransa. Shekara huɗu ba wasa ba ce, amma asiri ya rufu.

"Iya Ramota," ya ce, "kin ga dai abin da na yi. Ban bari ƙato ya raba ki da Italiyarki ba."

"Wace Italiya?"

"Wadda na sa miki."

"Lamidi, taka ta yi min koren wuya tun satin farko. Ramota na goye na jefa ta a masai."

Ya saki lomar da ya ɗauka. "To wannan fa?"

"Shekara shida ina soya ƙosai kafin in kai wa maƙeri kuɗin ya samo min irinta sak. Ta gaske. Karat goma sha takwas."

"Kika yi shiru? Duk lokacin da na ce wa ya sa miki—"

"Da me za ka tsaya a gidan in na faɗa?" Ta jawo kwanon gabanta, ta rufe. "Shekara goma sha uku ina jiran ranar da wani zai gwada ta a gaban Sidikatu. Allah ya kawo min ɗan fashi mai ilimi, ga jama'a, ga kalangu. Saura ɗigo ɗaya ya ce Italiya, Ibadan duka ta ji. Sai ga ka da safa a ka."

"Iya Ramota, amalar..."

Ta miƙe da kwanon a hannu, ta juya ga gandiroba.

"Ɗana, ina ɗakin Oga Morufu? Ka tambaye shi ko za a samu wani dutsen."