Minti Arba'in na Sista

Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon Mai Agogo ya haddace zancen nan nasa: "Shekara tara da aure, ban taɓa ce wa matata ina za ki ba. Bin bayan mace kuwa, Allah ya kiyaye. Ni agogon da ke tafiya daidai ba na buɗe bayansa."

Matar tasa ma'aikaciyar jinya ce, irin waɗanda ba sa zaman asibiti, gida-gida suke bi da jaka: a wanke ciwon wannan, a yi awon jinin wancan, a leƙa mai jego. Unguwa kaf Sista ake ce mata, har shi mijin.

To, mutumin da ke wuni cikin ƙarar agogo talatin minti ba ya wuce shi. Sista ta saba fita bakwai da rabi, sai ta koma fita bakwai saura goma. Minti arba'in cif, kullum, har sati uku. Ga shayinta a kan tebur ya huce ba ta taɓa ba. In ta dawo da yamma a bakin gado take zubewa da takalmi a ƙafa, tana dafe da baya, fatar hannunta duk ta tsage saboda wanki da sabulun asibiti.

"Sista, an canja muku lokaci ne?" ya tambaya, yana goge gilashin wani agogo da ba ya bukatar guga.

"An ƙara mini mara lafiya ɗaya."

"Wane ne?"

"Maigida, ka san ba a faɗa."

"Ni ma ba tambaya nake ba. Hira ce."

Da shi kaɗai ne da sauƙi. Amma akwai Yaya Babba, yayarsa, wadda labari ke riskarta tun kafin ya gama faruwa. Ita ta tara su a ɗakin Inna, mahaifiyarsu, da ke zaune ita kaɗai tun rasuwar Baba. Inna na kan katifa ta miƙe ƙafa cikin safa mai kauri, wai sanyi take ji, alhali fanka na ta juyawa.

"Na tambaya a asibitinsu," in ji Yaya Babba, "sun ce ƙarfe takwas suke fara zagaye. To ina ake zuwa tun bakwai saura? An ce lungun bayan kasuwa take shiga."

"Wajen aiki nake zuwa, Yaya," in ji Sista.

"Aikin da ba shi da suna? Dube ki, kin rame, yara ba sa ganinki, ƙanena ya koma haɗa wa kansa shayi kamar gwauro. Ko ki faɗi gidan, ko ki ajiye aikin nan. Ranar Asabar za mu dawo mu ji."

Hawaye suka zubo wa Sista, ta share da gefen mayafi. Ta ɗan kalli Inna. Inna ta kalli silin.

Mai Agogo ya ce shi ya yarda da matarsa ɗari bisa ɗari, ya faɗa har sau biyu don Yaya Babba ta ji. Sai dai ranar agogo biyu ya haɗa da hannayensu a juye.

Washegari da bakwai saura goma Sista ta fita. Da bakwai saura tara Mai Agogo ya tuna yana bukatar shan iska, iskar kuma ta bi ta lungun bayan kasuwa. Yana tafe yana laɓewa bayan motocin da aka ajiye, yana gaishe da mutane da hannu don kada a ji muryarsa. Ta yi kwana, ya yi kwana. Sai ya ga ta tsaya a wata ƙaramar ƙofar ƙarfe mai tsatsa, ta ciro mabuɗi daga jaka.

Ya san ƙofar. Ta nan yake sulalewa zuwa ƙwallo yana yaro. Ƙofar bayan gidan Inna ce.

Ya shige a hankali, ya raɓa ta gefen famfo inda ruwa ya yi taɓo, ya maƙale a gindin taga.

Inna na zaune, safa a cire. Sista ta durƙusa gabanta da safar hannu, tana warware bandeji. A ƙasan ƙafar akwai rami mai faɗin murfin kwalba. Ta wanke shi da ruwan magani, ta ɗora ɗan ma'auni na takarda a bakinsa, ta rubuta a littafi, ta ɗauki hoto a waya.

"Ya ragu, Inna. Likita ya ga hoton jiya, ya ce nama na fitowa. Amma sukarinki ya hau. Wa ya kawo miki lemon kwalba?"

"Baƙi ne suka bari."

"Baƙin suka sha miki?"

Inna ta yi dariya. "Kin karya kuwa, 'yar nan?"

"Zan ci a hanya."

"Haka kika ce jiya. Gida nawa yau?"

"Sha huɗu. Ɗayarmu ta tafi hutun haihuwa, an raba mana nata." Ta naɗe bandejin, sai hannunta ya tsaya, ta kifa goshi a gwiwar Inna. "Inna, na gaji. Wallahi na gaji. Sirrin mara lafiya ba nawa ba ne da zan bayar, ba zan faɗa ba. Amma ina son aikina, ina kuma son ɗanki."

"Tsoro nake ji," in ji Inna. "Suna ji za su kwashe ni sai asibiti. Maƙwabciyata da ƙafa biyu ta tafi, da ɗaya ta dawo."

"Ita sai da ta ɓoye wata shida ba mai wankewa. Taki tana warkewa. Amma ni kaɗai ba zan iya ba, kina bukatar mai lura da abincinki da rana."

A nan Mai Agogo ya miƙa wuya don ya ƙara gani, idonsa ya faɗa kan tsohuwar audugar da aka cire. Duniya ta juya masa. Ya ja da baya, ƙafar dama ta nutse a taɓo, bokiti ya kife. Ya fizgo ƙafar, ta fito, takalmin ya ƙi biyo ta.

"Wane ne?" in ji Inna.

Ya ranta a na kare, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Da yamma Sista ta tarar an dafa abinci, an yi wa yara wanka, ga ruwan ɗumi a roba na jiran ƙafafunta.

"Lafiya, maigida?"

"Lafiya lau. Sha'awa ce kawai."

"Ina ɗayan takalminka?"

"An sace a ƙofar shago."

"Guda ɗaya? Ɓarawon ya tausaya maka." Ta sa ƙafa a ruwan, ta lumshe ido.

Ranar Asabar aka hallara. Yaya Babba ta gyara zama, ta buɗe baki, sai Inna ta ɗaga hannu. Ta sunkuya da kanta ta zare safar, farin bandeji ya bayyana.

"Ga gidan da take zuwa. Sati uku tana wanke mini wannan kafin ta fara aikin da ake biyanta. Ni na roƙe ta ta yi shiru, ina zaune kuka zage ta ban tanka ba. 'Yar nan, ki yafe mini."

Yaya Babba ta fashe da kuka, ta rarrafa ta kama hannun Sista mai tsagewar nan tana neman gafara. Kafin a tashi an raba aiki: Yaya Babba ce da girkin Inna, Mai Agogo zai kai ta wajen likita duk Litinin, Sista kuma an sa ta ta rubuta takardar neman hutun da ta shekara biyu ba ta ɗauka ba.

"Ku riƙe wannan," in ji Inna. "Mai jinyar mutane ita ma mutum ce. In kun ga ta rame, ku tambayi me ta ci kafin ku tambayi ina ta je. Ta yi haƙuri, ga shi Allah ya wanke ta."

Mai Agogo ya gyara murya, ya buɗe ƙirji. "Ai ni dama na faɗa. Shekara tara, ko sau ɗaya zuciyata ba ta raya mini in bi bayanta ba. Ko lungun nan ban san inda yake ba."

"Haka ne, ɗana," in ji Inna. Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo leda, ta zazzage. Takalmi ɗaya ya faɗo tsakar ɗaki, na dama, taɓo ya bushe a jikinsa. "To ka tambayi wannan, shi ya san hanya. A gindin tagata ya kwana."