Harsashin da Bai Sauka Ba

Nama na fita nema, ba wani abu ba. Da la'asar sakaliya na ɗauko bindigar Baba daga bayan ƙofar ɗakin Yaya, na zura manyan takalmansa na shiga daji, na bi ta bayan gida don kada matarsa ta gan ni.

Bindigar ta ubanmu ce mu biyu. Wannan nake so a fara sani. Na yi shekaru ba na gida. Na yi lodi a tasha, na yi gadi, na yi yaron mota, na dawo da jaka ɗaya da takalmi mai shan ruwa. Na tarar Baba ya rasu, ɗakina cike da buhunan taki, Yaya ya gaji gona da bindiga da kujerar da Baba ke zama a tsakar gida. Ni kuwa suna na gada: Baƙo. Haka yake kirana, har 'ya'yansa suka ɗauka. Baffa Baƙo.

Da safen ranar na same shi yana goge bindigar da tsumma da baƙin mai. Na ce ya tafi da ni farautar barewa.

Ko ɗagowa bai yi ba. "Baƙo, wannan ba ƙofar mota ba ce da za ka buga ka ce a tafi."

"To ka koya mini mana."

"Abu ɗaya Baba ya koya mini kafin ya bari in taɓa ta. Ba a harbi da fushi. In ranka ya ɓaci, cire harsashi ka zauna, ko da barewa na lasar gwiwarka. Kai kuwa tun da ka dawo kake tafasa kamar lagireton tsohuwar mota."

Matarsa ta yi dariya daga ɗakin girki. Inna tana jin mu, ba ta ce uffan ba. Shirun nan nata ya fi dariyar ƙona ni.

Shi ya sa na ɗauki bindigar.

Duk kuskuren da sabon mafarauci ke yi, na yi shi. Na shiga daji iska na bayana, tana kai warina gaba. Na yi wanka da sabulu mai ƙamshi. Na taka kowane busasshen ganye da Allah ya halitta. Na zaɓi gindin wata itaciya kusa da rafi na zauna, rana na dukan idona. Mai hankali zai ce ko ɓera ba zai zo wurin ba.

Amma ta zo. Da ina da wayo, nan ya kamata in tsorata.

Barewa ce ja, siririya, ta fito daga cikin ciyawa ta tsaya a buɗaɗɗen wuri. Tana tauna a hankali, muƙamuƙinta na tafiya gefe. Ta dube ni. Irin kallon nan na ƙasan ido da Yaya ke yi mini in na ɗebi abinci karo na biyu.

Na kafa gindin bindiga a kafaɗa. Na saita ƙirjinta, amma wallahi ba ita nake gani ba. Fuskarsa nake gani, da tsumman nan, da bakinsa yana cewa Baƙo.

Na ce, "Ga baƙon nan, Yaya." Na runtse ido, na fizgi kunamar bindigar.

Bindiga ta make ni a kafaɗa. Warin albarushi ya cika mini hanci. Tsuntsaye suka watse.

Na buɗe ido. Barewa na nan tsaye tana taunarta. Ko kunne ba ta kaɗa ba.

Na zage ta, na zagi bindigar, na zagi wanda ya goge ta. Sai na lura ƙarar harbin ba ta ƙare ba. Ta bar wani siririn zuuu a iska, kamar sauro a cikin kunne. Kwaɗin rafi duk sun yi tsit.

Wari ya canja. Jiƙaƙƙiyar toka da madara mai tsami.

Akwai mutum a bayan barewar. Dogo ne ƙwarai, da sanda a gicciye kan kafaɗu, hannuwansa na lilo a kai. Ban ga fitowarsa ba. Ciyawar da yake tsaye a kai ba ta kwanta ba.

"Ba ita ka harba ba," in ji shi. A gabana yake, amma muryar ta bayan wuyana ta fito, can ƙasa-ƙasa.

Fushi bai sake ni ba tukuna. Na ce, "Na kuskure. Ina ruwanka?"

"Garkenmu ne. Ba ma hana mai yunwa. Ubanka ya ci, yayanka ya ci." Ya shafa bayan barewar da yatsu masu gaɓa da yawa. "Amma wanda ya harba da sunan wani a bakinsa, aike ya yi. Mu kuma ba ma riƙe aike."

Ya nuna da haɓa.

Ga shi nan a iska, daidai tsayin ƙirji. Harsashina. Ja zur kamar garwashi, yana juyawa a hankali. Shi ke wannan zuuu. Ina kallo hancinsa ya karkata, ya bar rafi, ya bar barewa, ya fuskanci hanyar gidanmu.

Ya fara tafiya. Tafiyar mai ƙafa.

Na ce, "Tsayar da shi!"

"Ni makiyayi ne. Jiki kaɗai ke tsayar da harsashi."

Na sha gabansa na kai masa duka da gindin bindiga. Ya ratsa katakon kamar man shanu, ya bar huda mai hayaƙi. Na yar da bindigar. Ya ratsa wata katuwar itaciya, ya fito ta ɗaya gefen bai ko rage sauri ba.

Na miƙa hannu. Zafinsa ya lashe gashin yatsuna. Na janye.

A nan na tsaya. Kuma tunda na ɗauko faɗin gaskiya, ba tsoro kaɗai ya tsayar da ni ba. Wani abu a ƙirjina ya ce, bar shi. Wa zai sani? Kana daji, yana gida. Kujera, gona, ɗaki.

Makiyayin ya yi dariya a bayan wuyana. Dariya mara sauti, sai ɗumin numfashi.

Dariyar ce ta tashe ni. An yi mini dariya da safe, ba za a ƙara da yamma ba. Na zura da gudu.

Harsashin ya yi nisa. Rana na faɗuwa, shi kuma yana ƙara sauri, kamar duhu ke tura shi. Takalman Yaya sun yi mini yawa, suna kwaɓ-kwaɓ. Na cire su na jefar. Ƙaya ta shige ni. Ban tsaya ba.

Ina jin kofatai a bayana. Da yawa. Ba sa wuce ni, ba sa barina.

Na kamo shi a bakin gona. Muka jera, ni da shi, jan haskensa na lasar ganyen masara.

Na wuce shi da taki kaɗan.

Katangar bayan gida. Na haura, na faɗo kan tulin itace.

Yaya na zaune a kujerar Baba, ƙaramar 'yarsa a cinyarsa, kanta a daidai ƙirjinsa. Da allura da zare a hannunsa. Takalmina yake ɗinkewa, mai shan ruwan nan.

Ya ɗago. "Baƙo, ina bindi..."

Zuuu.

Bulon katanga ya huje, ƙura ta tashi.

Na faɗa gabansu na ɗaga hannun dama.

Babu ƙara. Sai wani ɗan cas, kamar an ɗiga ruwa a kasko. Sai warin ƙonannen nama. Nawa.

Kofatan suka tsaya a bayan katanga. Na ji numfashinsu. Sannan suka juya, ɗaya bayan ɗaya.

Yarinyar ta fasa kuka. Matar Yaya ta fito da ludayi a hannu tana salati, Inna na bayanta. Yaya bai tambaye ni komai ba. Ya miƙa wa matarsa yarinyar, ya yage rigarsa ya ɗaure mini hannu tamau, ya ɗora ni a babur zuwa asibiti. A can ma'aikacin jinya ya zaro dalmar daga tafin hannuna, ya ce bai taɓa ganin wadda ta shiga ta tsaya a nama marar kauri haka ba.

A hanyar dawowa Yaya ya tsayar da babur ya kashe. Ya kunna fitilar waya, ya ɗaga singiletinsa. A ƙasan haƙarƙarinsa akwai tabo, zagayayye, mai ƙyalli, girman kan yatsa.

"Shekarar da ka tafi ka bar ni da Baba a kwance," in ji shi. "Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, shi kuma sunanka yake kira."

Ya sauke singiletin.

"Amma ni ban bari nawa harsashin ya fita daga dajin ba. Kai sai da ka rako naka har gaban 'yata." Ya tada babur. "Ko a wannan ma ka makara, Baƙo."

Washegari muka tarar da bindigar jingine a ƙofar baya, jiƙe da raɓa, takalman Yaya a jere a gefenta, ƙasa duk sawun kofato. Hudar na nan a gindinta har yau. Yatsana na jan kunama bai sake lanƙwasuwa ba.

An kwashe rabin takin daga ɗakina. Rabi. Har yanzu Baƙo yake ce mini, har yanzu raina na ɓaci, kuma muna faɗa kamar da. Sai dai in murya ta fara tashi, akwai lokacin da mu biyun mukan yi shiru tare, mu karkata kai wajen katanga. Matarsa ta ce ba ta jin komai. Inna kuwa sai ta tashi ta rufe taga.