Shanun Baffa a Cikin Na'ura

Ranar da Safara'u ta fara shiga ofishin rigakafin dabbobi a Tudun Wada, cikin daminar 1998, kukan wata na'ura ne ya tarbe ta tun daga ƙofa. Ta zo tambayar ranar da masu allura za su koma rugar mahaifinta ta bakin dajin Falgore, don ita ce mai boko a gidan. Saurayin da ke gaban kwamfuta ya ɗago kai, ya manta da amsa sallama.

"Malam, abin nan naka ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa lau. Gaisawa yake da babbar na'urar Kano, inda ake ajiye lissafin dabbobin da aka yi wa allura."

Balarabe ke nan, mutumin garin Ƙofa, irin samarin da in ka tambaye su hanya sai sun haɗa maka da tarihin garin.

"Tawa ce ke fara sallama ta wayar tarho," in ji shi. "Ta ce, za mu yi magana a rufe? Ta Kano ta amsa, ta nuna shaidar cewa ita ce, shaidar da wani na uku wanda duk suka yarda da shi ya sa wa hannu. Daga nan su shirya irin kullen da za su yi wa zancen. Mai satar ji a hanya ba abin da zai ji sai hayaniya."

"In ta Kano ta kasa nuna shaida fa?"

"Ya danganta da saiti. Akwai wanda ke cewa in ba a samu a rufe ba, a yi a buɗe. Ni saitin dole na sa mata. Babu shaida, babu magana."

"Ashe tana da kunya," in ji Safara'u, ta gyara mayafi ta fita. Ranar allurar ma ba wanda ya tuna da ita.

Daga nan kaset ya fara zirga-zirga a motar Zailani direba. Ita tana kiransa Mai Waya, shi yana ce mata 'Yar Falgore.

"Mai Waya, ina gaisuwa," in ji muryarta a wani kaset. "Jiya an yi ruwa har rafi ya cika. Na tuna ka, ban san dalili ba. Ka ci abinci, kada ka zauna kana sauraron kukan ƙarfe."

Ya ji kaset ɗin har batir ya mutu. Sonta ya kama shi, ya kuma aika mata da hakan ba tare da kwana-kwana ba.

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Jibrin, wanda take kira Baffa. Makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa ko ga ɗan cikinsa, ga shi masu allura sun ƙirga sun kai ofis. Da aka kore garken wata ruga kusa da Doguwa, sai Mudi dillali, wanda ya daɗe yana kai goro gidan saboda Safara'u, ya samu abin faɗa: ai yaron kwamfutar nan ne ke sanar da ɓarayi inda dukiya take. Malam Jibrin ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai rataye shanun mutane a waya ba.

Balarabe bai taɓa ganin fuskar dattijon ba. In ya je zance, gindin ɗorawa yake tsayawa nesa da ruga, in aka ce ga Baffa nan kuwa sai ya sunkuyar da kai ya bi ta cikin dawa, kamar yadda kowane mai neman aure yake yi.

Wata ranar kasuwa wani tsoho mai malfa da sanda ya shigo ofis. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Yaro, duba mini shanun Jibrin na Falgore, nawa ne?"

"Baba, ka yi haƙuri, ba a buɗe wa kowa sai mai su."

"Ni ne mai su. Ni ne uban Safara'u."

Balarabe ya sauka daga kujera ya durƙusa. In gaskiya ne, surukin da yake nema ne zai mayar maƙaryaci. In kuma ƙarya ce, ya tabbatar da maganar Mudi da hannunsa. Tsohon ya tsaya yana kallonsa, ko ƙiftawa babu.

"Baba, ban ƙaryata ka ba. Amma ban san fuskarka ba. Ka zo da Arɗo Ɗantani, shi na sani, shi ma ya san ka. In ya ce kai ne, sai in buɗe."

"Furfurata ba ta ishe ka shaida ba?"

"Ta ishe ni in durƙusa, Baba. Ba ta isa in buɗe ba."

Tsohon ya ɗauki sandarsa ya fita, ko sallama babu.

Washegari Zailani ya kawo kaset. "Mai Waya, me ka yi? Baffa ne fa! Tun da ya dawo bai ce wa kowa uffan ba. Ni dai ina tare da kai, amma tsoro nake ji."

Balarabe ya riga ya sallama cewa ya rasa ta.

Kasuwa ta zagayo, sai ga malfa biyu a ƙofar ofis. Arɗo Ɗantani ya nuna abokin tafiyarsa da sanda yana murmushi.

"Balarabe, wannan shi ne Jibrin. Tare muka yi kiwo tun muna yara. Na shaide shi."

Balarabe ya miƙa hannu ga kwamfuta. "In buɗe, Baba?"

"Bar su a rufe. Ni na san shanuna," in ji Malam Jibrin. "Na yi wa Mudi irin wannan tambayar a kan garken maƙwabcina, kafin in rufe baki ya lissafa mini har da maruƙa. Ka turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure a rugar. Mutanen Ƙofa suka cika motar Zailani, aka sha fura da nono har aka bar saura. Da za a tafi da amarya, Malam Jibrin ya sa aka kira ango, wanda har yanzu ya kasa haɗa ido da shi.

"In ka koma, ka ce wa na'urarka ta rage karsana ɗaya a lissafina, ta bi Safara'u. Ita kuma ga ta nan, ka riƙe mini ita yadda ka riƙe shanuna. Allah Ya yi muku albarka."

A cikin mota Safara'u ta ɗan ɗaga lulluɓi. "Malam, wane ne kai? Ina shaidarka?"

"Arɗo na zaune a gidan gaban motar nan, 'Yar Falgore," in ji shi. "A tambaye shi."