Ƙullin Gishiri a Wuyan Benvenuto

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Gualtieri rahoto: an sace jariri a asibitin sadaka na garin Castelvero. Asibitin sabo ne, ƙungiyar masaƙa ta gina shi don masu ziyarar Roma, da marasa lafiya, da jariran da ake yasarwa. Kafin Sufeto ya isa, majalisar gari ta sa an kulle Monna Ghisla, mai shayar da yaron. In ba a gan shi ba, za a yi mata bulala a kasuwa, a rufe ɗakin jarirai.

Sufeto ya same ta inda aka kulle ta. "Inna, yaya yaron ya zo hannunku?"

"A kwanon dutse na bakin ƙofa muka tsince shi, ranka ya daɗe, da ƙullin gishiri a wuya, alamar ba a yi masa baftisma ba. Fada Ubaldo ya yi masa, ya sa masa suna Benvenuto."

"Wa ya san zancen gishirin?"

"Daga ni sai Fada."

Ta zaro ƙullin daga ƙirjinta. Tsumman shuɗi ne, rinin baba mai tsada. Sufeto ya sa shi a aljihu.

Fada Ubaldo, mai kula da ƙofa, ya rantse ko ƙuda bai shigo ba.

"Ko ƙuda, Fada? To wannan cukun da ke gemunka, daga sama ya sauko?"

Fada ya share gemu. "Messer Ranuccio marini ne ya kawo sadakar zannuwa a kwando. Ya ba ni ɗan cuku, na ɗan juya baya."

"Kwandon fa?"

"Ya fita da abinsa a rungume."

A tsakar gida Sufeto ya tarar da wata mace cikin baƙaƙen kayan takaba. Ta ce sunanta Monna Lapa, matar marigayi mai marina, yayan Ranuccio. Jiya ta zo neman aikin shayarwa.

"Naki ɗan fa?"

"Ban gan shi ba. Ina cikin zazzaɓin haihuwa Ranuccio ya ce bai zo da rai ba, har sun binne shi."

"Ya san za ki fara aiki a nan?"

"Na gaya masa. Ya yi ta faɗa, wai zubar da mutuncin gida ne."

Sufeto ya ɗauki 'yan sanda biyu ya nufi marina. Ranuccio ya tare shi da fara'a, hannuwansa shuɗi har gwiwa.

"Yau kuma sadaka ta zama laifi, Sufeto? Ko ɗakin jarirai ban leƙa ba."

"Ba laifi ba ce." Sufeto ya zauna a bakin rijiyar baba. "Abu ɗaya ke damuna. Yaron ba shi da lafiya. In ya mutu a hannun ɓarawon ba baftisma, alhakin ransa na wuyansa har ranar hisabi."

Ranuccio ya yi alamar gicciye da sauri. "Haba! Ai sun yi masa. Sun ga gishirin."

Sufeto ya ajiye ƙullin a kan dutse, kusa da shanyar zannuwa. Launinsu ɗaya.

"Wa ya yi maka zancen gishiri, Messer?"

 Ranuccio ya zauna a ƙasa.

"Ɗan Lapa ne. In yaron na raye, marina tasa ce, ni kuwa bara. Na kasa kashe shi, na kuma kasa barinsa ba baftisma, sai na yasar da shi da gishirin a wuya. Da Lapa ta ce za ta shiga asibitin, na san tana ɗora ido a kansa za ta ga fuskar mijinta."

"Yana ina?"

"Gidan wani makiyayi, bayan ƙofar kudu."

Aka ɗaure masa hannu, aka bi da shi ta kasuwar da aka shirya yi wa Ghisla bulala.

Kafin la'asar Benvenuto ya dawo, yana tsala kuka kamar mai shelar ƙauye. Ghisla ce ta karɓe shi daga hannun ɗan sanda, ta miƙa wa uwarsa. Ya kama nono, ya yi shiru. Masaƙa suka cika titi, Fada Ubaldo ya rataye a igiyar ƙararrawa yana kaɗawa har ya jiƙe da gumi.

Majalisa ta aiko da saƙo cewa ɗakin jarirai zai ci gaba. Monna Lapa ta ce zannuwan goyo duka daga marinar ɗanta za su riƙa fitowa.

Sufeto ya miƙa mata ƙullin gishirin.

"Ajiye masa. Shi ya dawo da shi."