Taushe Ba Albasa

Ranar Talata da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda cewa an tarar da gawar wani tsoho a wani gida a East Greensboro, a Amurka. Mai ɗaukar waya na jin sunan mamacin, Malam Moutari, ta tura wa Insfekta Sylvanus Dachung. Haka ake yi masa kullum. Shi ɗan Jos ne, cikin Hausawa ya tashi, don haka duk sunan da ya gagari harshen mutanen ofis, nasa ne.

Mutanen masallaci sun riga shi isa. Sun cika ƙofar gida, babu abin da suke so sai a ba su gawa su kai ta makwanci kafin la'asar.

Tsohon yana ɗakin baya, an lulluɓe shi da zane. Dachung ya ɗaga zanen, ya daɗe bai mayar ba. Ya sha ganin gawa a wannan aiki, amma wannan ta sosa masa rai. Haƙarƙari duk a waje, baki babu haƙori ko ɗaya, hannuwa sun sha karce, wani ya warke wani sabo. A aljihun rigar akwai ɗan gari-gari mai ruwan ƙasa. Ya kaɗe shi cikin leda, ya sansana. Ƙanshin gyaɗa ne.

Ɗan mamacin, Abdoul Razak, direban babbar mota ne mai kai kaya jiha-jiha. Yana tsaye a falo, idonsa jawur.

"Allah ya ji ƙansa," in ji Dachung. "Yaushe rabonka da shi da rai?"

"Jiya da yamma, Yallaɓai. Ya ci abinci ya kwanta. Da safe na iske shi haka."

"Me ya ci?"

"Miyar taushe. Ita kaɗai yake so."

"Kai ka dafa?"

"Hajiya Fassouma ke kawo mana. Kullum."

"In kana kan hanya fa, wa ke zama da shi?"

"Jama'a na nan. Mu ba ma yar da tsofaffinmu."

Dachung ya leƙa kicin. Gidan da ake kawo wa miya kullum, babu ko kwano ɗaya mai maiƙo. Tuwo a ƙulle cikin leda ya daskare a firij kamar dutse, gwangwanayen wake a jere ba a buɗe ko ɗaya ba. Guda ɗaya ya lotse a sama, alamar wani ya yi ta dukansa da cokali har ya gaji.

Ya fito ya ce gawa sai ta je wurin likita. Aka hau guna-guni. Ya ji wani dattijo yana cewa ai ba nasu ba ne, ina zai san zafin a bar Musulmi ya kwana ba a rufe shi ba. Ya sani sarai. Amma ya kuma san in ƙasa ta rufe tsohon nan yau, ta rufe har da abin da ya kashe shi.

Washegari likitar da ke binciken gawa ta kira shi.

"Yunwa ce," ta ce da Turanci. "Kuma ba ta kwana ɗaya ba. Zuciya ta gaji ta tsaya. Ranar da ya mutu kam ba zan rantse ba, gidan da sanyi."

"Babu komai a cikinsa?"

"Akwai ɗan kaɗan. Kabewa, gyaɗa, hanta, da wani hatsi."

Kabewa da gyaɗa. Taushe ke nan, babu ko tantama. Dachung ya ji wani sanyi a ransa, don har ga Allah ba ya so ɗan ya zama maƙaryaci. Sai dai shi mutum ne da bakinsa ya san miya.

"Barkono fa? Albasa? Ganye?"

"Ko ɗigo. Fatar barkono ba ta ɓoye mini."

Sanyin nan ya gudu.

Hajiya Fassouma, 'yar Nijar, ita ke dafa wa gwagwaren unguwa abinci a ƙarshen mako. Ya same ta tana yanka alayyafo.

"Hajiya, ke kika yi wa Malam taushe?"

"Ni ce, ɗana. Kullum ta Allah."

"Da yake ya tsufa, ai kin rage masa yaji ke nan."

Nan ya taɓa ta inda ba a taɓawa. Ta ajiye wuƙa.

"Rage yaji? Malam Moutari mutumin Maraɗi ne. In bai yi gumi ba, cewa yake ruwa aka ba shi. Attaruhu, albasa, daddawa, yakuwa, me zan bari? Taushe ba albasa, wannan kuma abincin wa?"

"Abin da nake nema ke nan, Hajiya. Babu ko ɗaya daga cikinsu a cikin Malam."

Ta dube shi, ta dubi alayyafon. Sai hawaye.

"Yaron ne ya zo mini da kuka, ya ce in rufa masa asiri. Wallahi rabona da gidan tun azumi. In na tambaya, sai ya ce Baba sa ba, lafiya lau, yana barci. Ni ma a izin nake wuni, wato kamfanin ɗinki, in dawo ƙafa a kumbure. Na ɗauka wani na zuwa. Kowa ya ɗauka wani na zuwa."

Dachung ya koma gidan, ya zagaya baya. Ƙofar gaba da ta gefe duk akwai kwaɗo ta waje. Ta baya ce kaɗai ke buɗewa, ita kuma cikin fili take shiga, filin da shingen waya ya kewaye. Wata 'yar siririyar hanya ta kwantar da ciyawa daga bakin ƙofa zuwa kusurwar shingen. A nan wayar ta taɓa ɓallewa daga ƙasa, daidai yadda mutum marar nama zai rarrafa ya wuce. Yanzu an ɗaure wurin da sabuwar waya, tana ƙyalli, an murɗa ta da ƙarfin namiji.

Hanyar ta ci gaba a ƙetare, har barandar maƙwabciya. Can kuwa kwiyakwiyi ne ke ta tsalle, ga faranti a kan tebur, an shanya wasu 'yan ƙananan abubuwa masu siffar ƙashi.

Misis Loretta Pugh tsohuwar malamar makaranta ce, baƙar fatar Amurka, tana rainon kwiyakwiyin da aka yar har su sami mai ɗauka. Ya tambaye ta abin da ke cikin farantin.

"Ladar horo ce, in ɗan kwikwiyo ya ji magana. Ni nake yi da hannuna. Kabewa don cikinsu, tana tsayar da zawo. Gyaɗa niƙaƙƙiya don maiƙo, kuma suna mutuwar son ta. Hanta don jini, ƙanshinta ke jawo su. Hatsin oats ba ya wahalar da ciki, ƙwai kuma shi ke haɗe su."

"Gishiri? Albasa?"

"Allah ya kiyaye. Albasa na lalata musu jini, gishiri ya fi ƙarfin ƙodarsu, yaji kuwa ba a ma maganarsa. Kuma ba na bari su bushe ƙarau. Haƙoran nono gare su, sai abu mai taushi."

Dachung ya tuna bakin da babu haƙori.

"Suna ɓace miki?"

"Wani lokaci. Dabbobin nan masu tona shara ke ɗauka."

Ya ajiye ledar gari-garin a gefen farantin. Launi ɗaya, ƙanshi ɗaya.

"Daga aljihun maƙwabcinki na kaɗe wannan."

Ta zauna a kan matakala.

"Na gan shi ta taga. Yakan ɗauki na gefe-gefe, ya gyara sauran don kar a gane. Na fito masa da burodi da nama, ya ja da baya yana girgiza kai, ina tsammanin tsoron naman alade yake. Sai na riƙa yin su manya-manya, ina ƙara ƙwai. Ban kira ku ba, na ji tsoron a kore su daga ƙasar. Ɗansa na gaya wa. Na ɗauka na yi daidai."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Da yamma na ga yana ɗaure shinge. Washegari motarsa ba ta nan."

A ɗakin tambayoyi Abdoul Razak ya sake jero labarinsa, kalma ba ta canza ba. Dachung ya bar shi ya gama, sannan ya ajiye hoton sabuwar wayar a gabansa.

"Hajiya ta ce rabonta da gidanku tun azumi. Kamfaninku ya ce Texas ka kai kaya, ba ka dawo ba sai safiyar Talata. Wa ya ɗaure wannan?"

Abdoul Razak ya ƙura wa hoton ido.

"Hankalin Baba ya tafi, Yallaɓai. Ya manta yadda ake kunna wuta. Ni ma wani lokaci Issoufou yake ce mini, sunan ƙaninsa da ya rasu. Likita ta ce nursing home. Nursing home! In shiga masallaci a ce ga wanda ya kai ubansa gidan tsofaffi kamar Bature? A ji a Maraɗi?"

"Sai ka kulle shi."

"Na bar masa abinci. Firigo cike, firij ɗin nan da ka gani."

"Ka ce ya manta wuta."

Ya sunkuyar da kai.

"Da matar nan ta gaya mini, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ubana, mutumin da ya yi limanci, yana rarrafe yana ɗibar abincin kare. Na ce in wani namu ya gani fa? Na ɗaure wurin. Na ce kamiyo ɗaya ne, kayan mota guda, in kai in dawo, sai in san dabara. Aka ƙara mini lodi a hanya."

"Taushen fa, daga ina?"

Ya sa hannu a aljihu, ya fito da guntun abu mai siffar ƙashi, gefe ɗaya a tsotse.

"A dunƙule na same shi cikin hannunsa. Ashe ɓoyo yake yi a aljihu, wannan ne na ƙarshe. Na sansana, kabewa da gyaɗa. Sai taushe ta faɗo mini. Na kasa yar da shi."

Dachung ya so ya ji haushi, amma baƙin ciki ne kawai ya cika masa ƙirji. Mutumin nan bai ƙi ubansa ba. Bakin mutane ya fi tsoro.

"Alfarma ɗaya, Yallaɓai," in ji Abdoul Razak. "A rubuta yunwa. Kar a rubuta abin da ya ci."

"Abin da ya ci shi ya riƙe shi da rai. Wayar da ka ɗaure ce ta kashe shi. Duka biyun za a rubuta."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi.

Bayan azahar aka rufe Malam Moutari, ba ɗansa a sahu. Dachung ya tsaya daga nesa, gindin wata bishiya. Ana watsewa, dattijon nan mai guna-guni ya bi ta gabansa, yana gaya wa na kusa da shi cewa ko ba komai, alhamdu lillahi, Malam a ɗakinsa ya cika, ba a gidan tsofaffi ba.