Sunan da ke Cikin Ƙunshi

Ranar da Osmany ya fara shiga shagon Malam Eleuterio a garin Holguín, filashin kwamfuta ya kawo a zuba masa finafinan mako, amma idonsa na kan Yunieska, 'yar mai shagon. Ita ma ta rikice, ta zuba masa wasan yara.

Washegari ya dawo da mangwaro.

"Wannan yaron ban yarda da shi ba," in ji mahaifinta. "A shagon abokan gasarmu ya koyi aiki. Leƙen asiri ya zo."

"Baba, da mangwaro ake leƙen asiri?"

Dayron mai gyaran waya, maƙwabcinsu da ya daɗe yana sonta, shi ke ƙara wa wutar fetur.

Wata safiya aka tsinci filashi a kan tebur, an rubuta "Daga Osmany". Manhaja ce a matse cikin ƙunshi ɗaya. Malam Eleuterio ya buɗe baƙin allon umarni, ya kwance ta, ya kunna. Kafin kofinsa ya huce, finafinan makon kaf sun goge.

"Kin gani? Kada Osmany ya ƙara taka ƙofata!"

Yunieska ta yi kuka, don ita ma zargin ya shige ta. Ta tura wa Osmany saƙo: "Me muka yi maka?"

Amsa ta zo: "Tauraruwata, wallahi ban aiko komai ba. Kada ki yarda da ni, ki tambayi ƙunshin. Ki sa umarnin tar, mai ɗaure irin wannan ƙunshi, ya jero kayan ciki dalla-dalla ba tare da kin kwance ba. Yana riƙe sunan wanda ya ɗaure shi."

Ta buga umarnin. In sunansa ya fito, shi ke nan ta rasa shi.

Layuka suka zubo. Kowane ɗaya da suna guda a gefensa: dayron.

Ta kira mahaifinta. Ya gyara tabarau, ya karanta har ƙasa, sannan ya leƙa waje.

"Dayron! Zo ka karanta mini wani abu, idona ya tsufa."

Dayron ya zo, ya duba, ya ga sunansa. Ashe ya goge sawun yatsunsa daga jikin filashi, amma ya manta kwamfutarsa ta sa masa hannu a ciki.

Da yamma tsohon ya aika aka kira Osmany. Haƙuri bai iya bayarwa ba, sai ya tura masa kujera.

"Zauna, ɗana. Ka taya ni dawo da kayan."

Bayan damina aka ɗaura aure, aka gasa alade, unguwa ta kwashi rawa. Malam Eleuterio ya dafa kawunansu.

"Allah ya albarkace ku. Ni dai na yi hukunci ban leƙa ciki ba, kada ku gaje ni."

Yunieska ta raɗa wa mijinta: "Na zarge ka, Zuciyata."

Ya matse hannunta. "Amma kin duba."